Daga Sakkwato zuwa Yauri a kan Boksa: amsa ga mai son ganin kogin Kwara

"Salam malam. Ni ɗan Sakkwato ne, ina da Boksa da na saya bara, na daɗe ina sha'awar in hau ta in je Yauri in ga kogin Kwara da idona, in yi kwana biyu ko uku ina yawo cikin gari da ƙauyukan bakin ruwa. Ban san kowa ba a can. Wane lokaci ya fi, me zan shirya, kuma ana iya tsallaka ruwa da mashin? Akwai abokina ma da ke so in goya shi."

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka abu huɗu kake nema, lokaci da shiri da tsallaka ruwa da maganar goyo, amma wanda ya fi su nauyi duka shi ne wanda ka jefa a tsakiya kamar ba komai ba, wato ba ka san kowa ba a can. Zan zo kansa. Ni dai gyaran babur ne sana'ata, kuma na yi shekaru ina bin wannan hanyar ina saro kifin banda, don haka abin da zan faɗa maka na mai hanya ne da mai sifana, ba na jami'in tsaro ko likita ba.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne babur zai kai ka Yelwa ne kawai, wato babban garin Yauri, ba shi zai nuna maka ita ba. Garin bakin ruwa fuskarsa tana kallon kogi, titi kuwa ƙeyarsa yake bi, in ka tsaya kan kwalta kana zagayawa da mashin abin da za ka gani gidan mai ne da masu faci da tireloli, irin wanda ka baro a gida. Yaurin da kake nema tana bakin ruwa da sassafe, kuma da ƙafa da jirgi ake shiga cikinta.

Garin da za ka

Yelwa ita ce hedikwatar masarautar Yauri, ɗaya daga cikin masarautu huɗu na jihar Kebbi tare da Gwandu da Argungu da Zuru, kuma ƙasar masarautar ta haɗa ƙananan hukumomin Yauri da Shanga da Ngaski. Tsohuwar fadar tana Birnin Yauri, sai a 1888 zaman sarauta ya dawo Yelwa nan bakin kogi. Tun kafin mota nan mashiga ce ta fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, shi ya sa garin ya saba da baƙo tun tale-tale. Baturen nan Mungo Park ya ratsa ƙasar Yauri a jirginsa kafin ya halaka a Bussa a 1806, a 1830 kuma wasu Turawa biyu 'yan gida ɗaya, su Lander, suka zo har wurin Sarkin Yauri suna neman takardun da ya bari.

Amma abin da ya sauya ƙasar gaba ɗaya shi ne dam ɗin Kainji da aka fara a 1964 aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tabki mai tsawon fiye da kilomita 100, ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da gonaki, aka tada mutum sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Yelwa tana can ƙarshen tabkin ta arewa. Shi ya sa in ka shiga wasu ƙauyukan za ka ga gidaje iri ɗaya na siminti masu rufi kamar an kifa kwale-kwale, waɗannan ginin gwamnati ne na wancan lokacin, kuma da yawa mutane sun ƙara ɗakunan laka a gefe don ginin bai dace da zamansu ba. Mutanen da abin ya fi shafa su ne Gungawa, mazauna tsibiran, gwanayen noman albasa da kokawa. Akwai Kambari da Dukawa ta tudu, ga Sarkawa masunta da asalinsu daga Kabi ne, ga Nufawa da Yarbawa a kasuwa, Hausa ce ke haɗa kowa don haka ba za ka sha wahalar magana ba.

Ruwa ne ke yanke lokaci

Mutanenmu na tudu suna ɗauka kogi yana cika da damina ya janye da rani, shi ke nan. A Yauri ba haka lissafin yake ba, ruwa sau biyu yake zuwa. Na farko farin ruwa, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman da aka yi nan kusa ne da wanda gulbin Sakkwato da sauran ƙoramu suka kwaso, yana zuwa da laka da ciyawa da guma-guman itace. Na biyu baƙin ruwa, shi kuma ruwan da aka yi ne can tsaunukan ƙasar Gini, ya bi ta fadamun Mali ya yi watanni yana tafiya yana zubar da lakarsa, ya wuce ta Yamai, sai ya iso nan wajen Disamba zuwa Fabrairu a tace, alhali ko ɗigo ba a yi a sama ba. Don haka tsakiyar hunturu, lokacin da ƙoramun Sakkwato suka zama rairayi, shi ne lokacin da tabkin yake a cike. Daga nan sai ya dinga janyewa har zuwa wajen Yuli da Agusta.

To wannan shi ya sa na ce maka ka je tsakanin ƙarshen Nuwamba da Fabrairu. Hanyoyin ƙauye sun bushe, ruwa yana kusa da gari ba sai ka taka laka mai nisa kafin ka kai jirgi ba, ba hadari, lambunan albasa sun yi kore, kuma a 'yan shekarun nan wajen Fabrairu ake yin bikin Rigata, inda ake tseren jirage da ninkaya da sauran wasannin ruwa. In son kallo ne ya fi maka ka daidaita da bikin, amma ka sani masauki yana wuya kuma komai yana tsada, in kuwa garin kake son gani yadda yake kullum to ka kauce wa wannan makon. Illar hunturu ita ce hazo da sanyin asuba, a kan babur sanyin nan yana shiga yatsu har ka kasa matsa kuloci, ka nemi safar hannu mai kauri da rigar sanyi da tabarau.

Maris zuwa Mayu zafi ne mai tsanani, yana haura digiri 40, kai da injin duk za ku wahala. Farkon damina kuwa shi ne mafi haɗari a kan ruwa, iska tana tasowa cikin 'yan mintuna ta tada igiya, ga ruwa ya ja baya kututturan itatuwan da tabki ya binne tun 1968 sun matso kusa da sama suna jiran cikin jirgi. Hatsarin jirgin ruwa na Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, wanda ya ci mutane da yawa, a watan Mayun 2021 ya faru.

Hanya da mashin

Daga Sakkwato wajen kilomita 300 ne, ta Shagari da Tambuwal da Aliero da Jega da Maiyama da Koko sannan Yelwa. Boksa za ta iya ba ko shakka, 'yan kabu-kabu suna ba ta wahalar da ta fi wannan kullum, amma injin 100 ne, ba a yi shi don a murɗe shi har ƙarshe na awa shida ba. Ka riƙe ta tsakanin 60 da 70, duk bayan awa ɗaya da rabi ka tsaya inuwa minti goma ko sha biyar ta huce kai ma ka miƙe baya. Da tsaye-tsaye ka lissafa awa shida zuwa bakwai. Ka tashi bayan asuba in gari ya fara haske, ka ci abinci a Jega, ka yi azahar a Koko, kafin la'asar kana Yelwa. Ko me ya faru kada magariba ta same ka a daji, in ka makara ka kwana a garin da kake.

Kwana biyu kafin tafiya, ba ranar tafiya ba, ka juye baƙin mai, ka sa a duba burki da cen da siroket da sifok, in tayar baya ta fara sulɓi ka canza ta kada ka yi rowa. Na ce kwana biyu don ka samu ka hau ta cikin gari ka ji in wani abu bai zauna daidai ba. Ka ɗauki filogi sabo da sifanar cire shi, tib ɗaya, wayar kuloci, ƙaramin famfon iska, roba ta ɗaure kaya, da hular kwano ta gaske mai igiya. Mai kuwa ka cika tanki a Sakkwato ka ƙara a Jega ka ƙara a Koko ko da bai yi nisa ba, a gidan mai, don na 'yan bumburutu wani lokaci da ruwa ko datti a ciki kuma kabireta ce ke biyan bashin. Kada ka ɗauki jarka. Ba don nauyi ba, don yadda ake kallon mai babur da jarkar fetur yanzu.

Abokan gabarka a wannan titin tireloli ne da tankoki masu gangarawa kudu da shanu da albasa. In ka hango biyu suna tsere suna tahowa ka sauka gefe kawai ka ba su hanya, ba a jayayya da su, kuma kada ka manne a bayan tirela don ramin da ta tsallake kai ba za ka gan shi ba sai ka faɗa.

Maganar rashin sanin kowa

Nan ne zan ɗan daɗe. Shekarun baya baƙo kan babur a ƙauyen Yauri ruwa ake kawo masa kafin a tambayi sunansa. Yanzu mutane sun ga abin da suka gani. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, kuma a kan babura ɓarayin suka zo. A shekarar ne jihohi irin su Zamfara da Katsina da Kaduna suka sa dokokin taƙaita hawan babur da sayar da mai a jarka. Don haka saurayin da ba a sani ba, ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, yana zagaya ƙauye a mashin yana ɗaga waya yana ɗaukar hoto yana tambayar ina hanyar nan ta fita, ko zuciyarsa fara ce tas, a idon 'yan sa-kai infoma ne har sai an tabbatar da akasin haka. Kuma kafin a tabbatar ɗin mutum zai iya shan abin da bai shirya ba.

Maganin abin mai masauki ne, kuma samunsa ba wuya. Je ka kasuwar kifi ko wurin 'yan albasa nan Sakkwato, ko tashar da ake lodin Yauri, ba za ka rasa wanda ke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Yelwa ba. Ka sa ya kira shi a gabanka ya ce ga yaronmu nan zuwa. Ko otal za ka kwana, ka fara sauka wurin wannan mutumin, ka ajiye mashin ɗinka a gidansa ko shagonsa, ya haɗa ka da yaro ɗaya da zai dinga raka ka. Ɗan abin da za ka ba yaron nan shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a tafiyar gaba ɗaya. In za ku ƙauye a fara kai ka wurin mai gari ko sarkin ruwa ka gaisa ka faɗi abin da ya kawo ka, ɗan goro ya isa. Daga nan duk wanda ya tare ka amsarka gajeruwa ce, ni baƙon wane ne.

Takardu su kasance a jikinka cikin leda, katin ɗan ƙasa, rasit ɗin sayen mashin, takardun lamba da lasin. In ka hango shingen sojoji ko 'yan sanda ka rage gudu tun daga nesa, ka buɗe fuskarka, wani wurin za a ce ka sauka ka tura, ka sauka ka tura ba tare da dogon bayani ba. Sa'arka ɗaya Boksa kake hawa, da irin Hondar nan ce da ɓarayin daji suka fi so da tambayoyin sun ninka.

Nan kuma iyakar sanina take. Ba zan iya ce maka hanya lafiya lau ba, don abin da yake gaskiya wannan makon yana iya sauyawa mako mai zuwa. Direbobin tasha su ne ke da labarin jiya da na yau, ka tambaye su daren da za ka tashi, ka kira mai masaukinka shi ma, in ɗayansu ya ce dakata to ka dakata.

Cikin gari

Ranar farko ka manta kana da mashin. Ka fita bakin ruwa bayan sallar asuba, lokacin jirage ke dawowa daga kamun dare. Za ka ga ana jan hancin jirgi bisa yashi, mata da manyan robobi sun riga sun shiga ruwa har gwiwa, dillali yana ɗaga kifi ta baki yana faɗin kuɗi ana musu da shi, ga ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, in an yi sa'a a fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama. Ƙananan warangi kuma ana baza su a rana. Can baya hayaƙin banda ne, an lanƙwashe tarwaɗa an soke wutsiya da baki an jera bisa waya ana juyawa. Kafin hantsi duk an watse, wanda ya zo ƙarfe goma sai ya ce ba komai a wurin. Ka tambayi mai masaukinka ranar da kasuwa ke ci ka tsara zuwanka a kanta, ranar ce jiragen ƙauyuka ke zuwa cike da albasa da shinkafa da itace da awaki.

In za ka sayi banda ka karya ɗaya ka duba ciki, ya zama a bushe ba tsutsa ba gari-gari, ka kuma shinshina, don akwai marasa tsoron Allah da ke fesa fiya-fiya don ƙwari. A kwali ake ɗauko shi ba a leda ba, leda tana sa shi gumi ya lalace kafin Jega.

Hoto sai ka nemi izini, kuma akwai gefen da mata ke wanka da wanki, can ba wurin tsayawarka ba ne ko da waya tana aljihu. Wanka a kogi ni ba na ba baƙo shawara, ruwa mai kwanciya kusa da ciyawa yana ɗauke da tsargiya, ga dorina tana nan ba tatsuniya ba ce, ko a 2024 ta kashe mutum a Yauri. Sauro kuma ko da sanyi yana nan, ka tafi da gidan sauronka.

Rana ta biyu ka iya fito da mashin ku je ƙauyukan kusa da ɗan rakiyarka. A yashi ka rage iskar taya kaɗan, ka sa giya ta biyu, ka riƙe mai daidai ba ƙari ba ragi, idonka can gaba, kuma hannunka ya rabu da burkin gaba don shi ke kada mutane. Baƙar lakar fadama ta fi yashi mugunta, samanta a bushe ƙasanta danƙo, tana cushewa tsakanin taya da madigadi har tayar ta daina juyawa. In ba ka ga sawun wani babur a kai ba kada ka zama na farko.

Tsallaka ruwa da mashin

Ana yi, kullum ma. Daga Zamare kusa da Yelwa ana tsallakawa Rofia ta ɓangaren Agwara a jihar Neja, da mutane da babura da buhuna. Amma shawarata a wannan zuwan kada ka tsallaka da shi. Ƙetaren ƙasar Borgu ce, ta jingina da dajin Kainji inda 'yan bindiga suka samu wurin zama a shekarun nan, kuma sunan mai masaukinka ba lallai ya yi maka aiki a can ba. In ruwan kake son hawa ka ɗauki shatar ƙaramin jirgi da safe kafin iska ta tashi, a zagaya da kai a dawo, mashin yana gida.

In wata rana dole ta sa, ga yadda ake yi. Ku gama ciniki tun a tudu, har da kuɗin masu ɗorawa da saukewa. Ka rufe makunnin mai, ka bar shi a giya ta ɗaya, a sa shi tsakiyar jirgi a ɗaure, kai kuma ka zauna ƙasa nesa da shi, ka cire hular kwano da takalmi mai nauyi da jakar baya. Ka nemi rigar ruwa ka sa ko ana maka dariya. Kafin ka shiga ka dubi gefen jirgin, in tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba kuma ana ta ƙara lodi, ka jira na gaba. Ba a hawa da dare, ba a hawa in hadari ya haɗo.

In kuma mashin ya faɗa ruwa wajen saukewa, abin da ke faruwa fiye da kifewar jirgi, kada ka taɓa kik. Ruwa ba ya matsuwa, in yana cikin silinda ka buga to kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, aikin ɗari biyar ya koma na dubbai. Ka cire filogi, ka cire abin tace iska ka matse shi, ka kwance ƙusar ƙasan kabireta ruwan ya zube, ka ɗaga gaban mashin salansa ta zubar da nata, sannan ka yi ta buga kik ba filogi har ramin ya daina feso ruwa. Ka duba baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara a juye shi, a sake juyewa bayan ɗan gudu kaɗan.

Abokin naka kuwa, goyo na kilomita 300 a kan Boksa da kayan mutum biyu wahala ce ga tayar baya da burki da ƙugunku duka, kuma samari biyu a mashin ɗaya sun fi jan ido a shinge fiye da mutum ɗaya. In yana da nasa ku tafi da biyu, hakan ya fi komai don in ɗaya ya lalace akwai mai zuwa neman bakanike. In ba shi da shi ya hau mota daga tasha da jakunkunanku ku haɗu a Yelwa, sai ka dinga goya shi cikin gari, ran dawowa kuma kwalin kifin ya biyo shi a motar.